Jakar goyo ta kwanan daji: wacce zan saya da sefa dubu 30?

"Assalamu alaikum Baba. Ni ɗan Garwa ne. Bana na samu takardar izinin ƙaramar farauta, kuma kawuna da ke wajen Poli ya ce in sanyi ya shigo in bi su, za mu riƙa yin kwana biyu ko uku a dawa muna neman zabi da fakara da zomo. Ba ni da jakar da zan zuba kaya. Na duba a waya na ga jakunkunan mafarautan Amurka, kuɗin guda ɗaya sai ya sayi babur na hannu. A kasuwa kuma na ga sababbi masu zanen kayan soja, an rubuta lita 80 a jiki, da araha. Abin da na ware sefa dubu 30 ne. Wacce zan saya, kuma me zan duba kafin in biya? Allah ya ƙara girma."

Wa alaikumus salam, ɗana, Allah ya yi maka albarka. In na fahimce ka, jaka kake nema da za ta ɗauki guzurin kwana biyu zuwa uku a ƙafa, a dajin wajen Poli da ke arewacin Kamaru, cikin rani, kuma kada ta wuce dubu 30. Kuɗin nan za su isa har ka rage na gyara, muddin za ka iya ɓata safiya guda a layin 'yan gwanjo kana juya jakunkuna. Abin da za ka nema shi ne tsohuwar jakar masu hawan dutse ta Turai, mai cin lita 50 zuwa 60, mai ƙarfe a baya da ɗamarar ƙugu mai kauri, mai launin ƙasa. Zan faɗa maka dalilin kowanne, don in ba ka samu irin wadda na kwatanta cif ba, ka san inda ake sassautawa da inda ba a sassautawa.

Na yi shekaru ina bin sawu da kula da masu ɗaukar kaya a yankunan farauta da ke kewaye da gandun Binuwai da na Faro, inda baƙi ke zuwa daga Turai da Amurka. A can na ga jakunkunan masu kuɗi da na talakawa, na kuma ga inda kowacce ke fara mutuwa.

Ruwa ne kayan

Jakunkunan da ka gani a waya, irin su Kifaru da Mystery Ranch da Stone Glacier, tsadarsu tana da dalili, sai dai dalilin bai shafe ka ba. An ƙera su ne don mutumin da zai hau duwatsun yammacin Amurka, ya yi nisa da hanyar mota, ya harbi dabba mai girman gwanki ko fiye, ya feɗe ta a inda ta faɗi, sannan ya yi ta jigilar cinyoyi da kafaɗu a bayansa, kilo 40 ko sama da haka a sawu guda. Shi ya sa aka yi musu firam mai ƙarfi wanda ake raba shi da buhun jakar a cusa nama a tsakani. Firam ɗin ne ke cin kuɗin, daga dalar Amurka 500 zuwa sama, wato fiye da sefa dubu 250 kafin a yi maganar kuɗin kawowa da na duwan. Mutumin can da jaka sakayau yake shiga daji, don rafuka na gudu a duwatsunsu, sai a dawowa take yi masa nauyi.

Tafiyarka a juye take. Ranar shiga ce ranar da ka fi nauyi, kuma mafi yawan nauyin ruwa ne. Daga Disamba zuwa gaba ƙoramun wajen Poli suna ƙafewa ɗaya bayan ɗaya, sai a yi tono a yashi ko a dogara da tafkin da shanu suka dame. Abin da za ka fito da shi kuwa, zabi biyu da zomo ɗaya bayan an gyara an ƙyafe, bai kai rabin nauyin ruwan yini guda ba.

To mu yi lissafi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ba ragi. A hunturu mai tafiyar yini yana buƙatar lita 4 a ƙalla; in aka kai Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, lita 6 ma sai da tattali. Masu tafiyar ƙafa sun daɗe da yarda cewa kayan baya kada su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ɗauka. In kai kilo 65 ne, rabonka kilo 13. Cire ruwa kilo 6. Cire ita kanta jakar, wadda ba ta rasa kilo 2. Garin rogo da ƙuli-ƙuli da kilishi da dabino da sukari da ganyen shayi na kwana uku, kilo 2. Saura kilo 3, kuma a cikinsu bargo da gidan sauro da ƙaramar tukunya da tocila da magani za su shiga. Ka ga bayanka zai gaji tun kafin jaka mai lita 80 ta kai rabi.

Shi ya sa na ce 50 zuwa 60. Ƙasa da 40, bargon hunturu kaɗai zai cinye rabin wurin, ka koma ɗaure kaya a waje, sarƙaƙiya ta yi ta fizga. Sama da 65 kuma cika ta za ka yi, domin ɗan Adam ba ya barin jaka da sauran wuri, ga shi doguwar jaka da ta zarce ƙeya tana maƙalewa a reshe duk sanda ka sunkuya.

Kafin ka fitar da ko sisi ma, kira kawunka ka tambaye shi yadda suke tafiya. In da babur suke kai kaya zango, su ajiye, su riƙa fita da asuba suna dawowa da hantsi, to babbar jaka ba ta kama ka ba. Buhu da robar ɗauri sun isa kai kaya zango, sai ka nemi ƙarama mai lita 25 ta yawon yini. Abin da zan faɗa daga nan na wanda zai goya kayansa ne daga bakin hanya har makwanci.

Ƙugu ke ɗauka

Dubi yadda mace ke goya yaro. Zaune yake a kan ƙugunta, zani ya manne shi da bayanta, majanyi ya tallafe shi daga ƙasa, shi ya sa take daka da shara da shi ba tare da wuyanta ya ƙage ba. Jaka mai kyau haka take aiki. Ɗamarar ƙugu ce ke ɗaukar mafi yawan nauyin, wajen kashi uku cikin huɗu in jakar ta zauna daidai, maratayan kafaɗa kuwa aikinsu su hana ta rinjaya baya. Amma ɗamara ba ta karɓar nauyi sai da abin da zai sauko mata da shi: sanduna biyu na alminiyam, ko guda ɗaya da faifan roba mai tauri, da aka zura a cikin bayan jakar. In babu su, buhu mai igiya ne ka saya, ko sunan wane kamfani aka buga masa.

Tsawon bayanka ne ma'aunin. Mutum biyu za su yi tsayi ɗaya, wannan ƙafa ce ta yi masa tsawo, wancan gadon baya. Je wurin tela ka ce ya ɗauko tef. Sunkuyar da kai, za ka ji wani ƙashi ya turo a gindin wuya. Daga nan a auna zuwa daidai saman ƙasusuwan ƙugu, inda kake ɗora hannu in ka riƙe ƙugu. Yawancin manya suna faɗawa tsakanin santimita 40 da 52. Rubuta naka a takarda. A jikin jaka kuma, tazarar da ke tsakanin tsakiyar ɗamara da inda maratayi suka fito ita ce za ta yi kusa da wannan adadi. Da yawa daga cikin jakunkunan Turai suna da wasu madaukai jere kamar tsani a baya, inda ake ɗaga maratayi ko a sauke su. In ka samu mai irin wannan, rabin wahalar ta ƙare.

Akwai matsalar da ta fi damun samarinmu, ba kuma kasafai ake faɗinta ba. An ɗinka jakunkunan nan ne da ƙugun Bature. Saurayi siriri sai ya ja ɗamara har sosan gefe biyu su haɗu a gaba, amma ba ta kama ba, tana zamewa ƙasa, nauyin ya koma kafaɗa. In ka ɗaure, ya kamata a samu ratar da ta kai faɗin tafin hannu tsakanin bakin sosan biyu, saboda bayan kwana biyu a daji ciki yana ɗan lafewa, za ka so ƙara ja. In duk waɗanda ka gwada sun yi maka yawa, kada ka ji kunyar gwada wadda aka yi don mata. Deuter na rubuta SL a jikin irin waɗannan. Bayansu ya fi gajarta, maratayansu sun fi matsowa kusa da juna. Na ga maza da dama da irin wannan ta fi zama musu daram, kuma a dawa ba mai karanta rubutun.

Abin da ke kasuwa

Sababbin nan masu araha, araha dai ba ta ado. Yadinsu yawanci foliyesta ne da aka shafa wa roba a ciki don ya yi kauri a hannu. Rana ta dafa robar, hunturu ya busar da ita, sai ta fara tsagewa a inda take naɗewa. Ɗamararsu siririyar igiya ce marar soso, ɗinkin maratayi layi ɗaya ne a daidai wurin da duk nauyin ke ja. Lita 80 ɗin ma auna ta: tsawo sau faɗi sau zurfi da santimita, ka raba da 1000. Jaka mai 60 da 30 da 25 lita 45 ce, ko me aka buga a jikinta. Za ta kai ka Ngong a mota ta dawo da kai lafiya. In ta tsinke maka a nisan yini guda daga hanya kuwa, da ruwa kilo shida a ciki, sai dai ka ɗora a ka.

Gwanjo ne wurin kuɗinka. A cikin dilolin da ke sauka a Duwala su hauro ta Ngawundare akan ci karo da Deuter da Millet da Lafuma da Lowe Alpine da Karrimor da Osprey, da kuma Quechua da Forclaz, waɗanda a Turai ma na masu ƙaramin ƙarfi ne amma ɗinkinsu na gaskiya ne. Wata jakar, Bature ya yi hutu biyu da ita ya ajiye. Mai gwanjo yakan sa kuɗi gwargwadon girma da ƙyalli, kuma jakunkunan 'yan makaranta sun fi masa tafiya, balle a Satumba, don haka babbar jaka mai igiyoyi barkatai takan daɗe a rataye tana shan ƙura. Nan ribarka take. Ka saba da mutum ɗaya, ka bar masa lambar waya, ka ce ya kira ka ranar da zai fasa sabuwar dila. Kada ka nuna masa ka san sunan kamfanin.

Sai na soja na gaske, tsofaffin na Faransa da irin na Amurka mai firam a waje da ake kira ALICE, wadda sojojinsu suka fara amfani da ita a shekarun 1970. Wajen ƙarko ba a magana. Firam ɗin waje yana barin iska ta ratsa baya, ana kuma iya ɗaura masa jarka kai tsaye. Da a wata ƙasa muke da na ce ka neme ta. A nan ban ba ka shawara ba.

Maganar launi

Tun bayan kisan giwayen gandun Buba Njida a farkon 2012, lokacin da mahaya dawaki da manyan bindigogi suka ƙetaro iyaka suka kashe ɗaruruwa, sojoji ke taya ma'aikatan gandun daji sintiri a wannan yanki. Ga kuma 'yan fashi da masu garkuwa da makiyaya, waɗanda da yawansu kayan soja suke sawa. Mutum da bindiga a hannu, da jaka mai zanen soja a baya, a tsakiyar dawa, wanda ya hango shi daga nesa ba takarda zai fara tambayarsa ba. Makiyayi zai kora shanunsa ya je ya sanar, 'yan banga su fito. A shingen jandarmomi ma kai za a fara saukewa daga mota. Ba abin da zanen zai ƙara maka da ya kai wannan kasada, domin motsi da ƙara da wari su ke tona mafarauci wurin dabba. Wanda ya iya bin iska ya iya tsayawa cik, da tsohuwar riga ruwan ƙasa ma zai kusanci abin da yake nema.

Baƙi da shuɗi su ma ka bar su. Ƙudan tsando da ke kurmin bakin Faro da Binuwai waɗannan launuka yake bi, shi ya sa tarkon da ake kafa masa da ƙyalle shuɗi da baƙi ake yin sa. Mai baƙar jaka shi ke jan tawagar ƙuda a bayansa, cizon kuma a wuya da bayan hannu yake sauka. Baƙi yana kuma shan rana, ruwanka ya zama na shayi. Ja da ruwan lemo kuwa tsuntsu na ganinsu sarai, kai kuma zabi kake nema.

Sai dai jakunkunan gwanjo masu kyau sau da yawa ja ne ko shuɗi, don masu hawan dutse so suke a hango su. Kada launi ya sa ka bar jakar da ta zauna maka. Sayi yadin kaki mai kauri mita ɗaya, tela ya ɗinka mata riga mai roba a baki, wadda za ta rufe ta duka ban da wajen baya. Rigar nan na fi ƙaunarta da komai a harkar jaka: ta ɓoye launi, ta kashe ƙarar da nailan ke yi in ya gogi reshe, ƙaya da ƙarangiya su ƙare a kanta, tartsatsin wutar zango ya faɗa mata maimakon nailan da ke narkewa nan take, in ta yi datti a cire a wanke.

A rumfar mai gwanjo

Kada ka gwada jaka wofi, kowace jaka daɗi gare ta in ba komai a ciki. Tafi da gorunan ruwa na lita ɗaya da rabi guda shida a cike, kilo 9 ke nan, ka zuba. Sassauta duk igiyoyi, ka goya, ka fara ɗaure ɗamara a kan ƙashin ƙugu, sannan ka ja maratayi, sannan ƙananan igiyoyin nan biyu da ke saman kafaɗa masu jawo kan jakar kusa da kai, ta ƙirji ita ce ƙarshe. In ta zauna, yatsa zai shiga tsakanin maratayi da saman kafaɗarka ba da wahala ba, kuma a ƙugu za ka ji nauyin. Zaga layin da ita, ka sunkuya kamar mai ratsa ƙarƙashin reshe, ka ɗaga kai ka ga ko tana dukan ƙeyarka, ka ɗaga hannu kamar mai saita bindiga ka ji ko maratayi ya tokare inda gindin bindiga ke zama.

Sannan ka sauke ka bincika. Matsa sosan ɗamara da yatsa biyu: in ya dawo, da ransa, in ya lafe kamar tsumma ko yana marmashewa a ciki, ajiye jakar, wannan gyaransa ya fi kuɗinta. Ɗaga yadin ka duba shi a rana, musamman murfi da gindi. Nailan da rana ta cinye yana koɗewa ya yi fari-fari, in ka danna da babban yatsa sai ka ji yana neman ɓarkewa; shi ma ba ya gyaruwa, ko an ɗinke nan zai yage can. Waɗannan biyu da girman da bai dace da bayanka ba, su ne ba a sassautawa.

Sauran duk na ciniki ne. Sandunan alminiyam sukan lanƙwashe saboda matsin dila. Zaro su ka miƙar a gwiwa, ka bar musu ɗan lanƙwasa irin ta gadon baya. In ma babu su amma aljihunsu na nan, masu haɗa tagar alminiyam za su yanka maka fallen da ya yi daidai, a goge bakin don kada ya huda yadi. Maɓallin roba da ya karye ana cirowa daga wata matacciyar jaka a rumfar. Ɗinkin da ya saki a gindin maratayi, mai gyaran takalmi zai maimaita shi da basilla da zaren nailan mai kauri, ko masu ɗinkin tamfol su bi da kekensu. Ko bai saki ba ni nakan sa a ƙara. In ka buɗe ciki ka ji yana danƙo yana wari kamar tsamin nono, shafen hana ruwa ne ya tsufa. A damina aibi ne, a rani kuwa ba ruwanka da shi: nuna wa mai kaya a rage maka kuɗi, ka je gida ka wanke da buroshi da ruwan ɗumi. Ware kamar kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinka don waɗannan gyare-gyare da rigar kaki.

Zif shi ne abokin gabar hunturu. Ƙura tana shiga haƙoransa tana cin kan zif ɗin har ya daina haɗewa. Don haka jaka mai buɗewa ta sama, mai igiyar zugewa da murfi, ta fi mai zagayayyen zif. Ko duk zif ɗin aljihunanta sun mutu, uwar jakar na aiki. In ka ga YKK a kan zif, alama ce mai kyau, kamfanin Japan ne da masu jakar kirki ke saye a wurinsa. Kada ka sa masa mai, mai ƙura yake tarawa; goga masa kyandir ko bakin fensir. Wanda ya fara buɗewa ta baya, a ɗan matse kansa da filaya a hankali, sau da yawa yana dawowa.

Wani lokaci za ka ga lamba kamar 210D ko 420D ko 500D ko 1000D a takardar jiki. Kaurin zare take nufi. A dajin ƙaya 420 zuwa 500 ne tsaka-tsaki, 210 na masu gudun nauyi ne kuma magarya ba ta raga masa, 1000 kuma nauyi ne da gara ka ba ruwa. Masu raga a baya, waɗanda ke ɗage jakar daga jiki don iska ta wuce, suna da daɗi a zafi, ban musa ba. Amma suna tura nauyin nesa da baya, ragar kuma ƙarangiya take tarawa. Ga kilo 8 sun yi, ga kilo 13 na fi son mai soso da kwari a tsakiya.

Shirin kaya da nama

Bargo da gidan sauro a ƙasa, ruwa a tsakiya manne da gadon baya, abinci da tukunya a gabansa, abin da ake yawan nema a murfi. Raba ruwan a goruna da yawa maimakon jarka guda: in ƙaya ta huda ɗaya ba ka rasa duka ba, jarkar da ta kai rabi kuma tana kaɗawa tana ƙara tana karkatar da kai. Jakar ruwan nan ta roba mai mesa da ake tsotsa, wadda baƙi ke zuwa da ita, ban cika sonta wa sabon shiga ba, domin ba ya ganin abin da ya rage sai ya ji ta ƙafe. Katin ɗan ƙasa da izinin bindiga da na farauta, a leda, a aljihun cikin murfi. Harsashi nesa da wuta da rana. Bindiga a hannu ko a kafaɗa, adda a kube a gefe.

Nama ba ya shiga cikin jaka, ba ya kuma shiga leda. A wannan zafi leda dafa shi take yi kafin la'asar. Cire kayan ciki da wuri, a ƙyafe a zango, a sa a jakar farin yadi da tela zai ɗinka maka da ragowar ƙyalle, a ɗaure a waje ƙarƙashin murfi inda iska ke kaiwa. Jinin da ya shiga soso ba ya fita, kuma shi ke kiran tururuwa da ƙuda, da dare har kura. Burgamin da za ka gani a kafaɗar kawunka kada ka raina shi. Wuƙa da ashana da harsashi a nan suka fi saurin kai wa hannu, kuma ana rataya shi tare da jakar goyo ba sa faɗa. In kun sauka, rataye jakar a reshe a zuge. A ƙasa gara na cin duk abin da ke da auduga a dare ɗaya, kunama kuma tana son lungun soso.

Tunda takarda ka samu, ka san iyakarta. Doka ta kasa namun dawa gida uku, A da B da C, kuma na A ba a taɓa su. Cikin gandu ba a farauta sam, yankunan farautar da aka ba masu haya su ma ba a shiga, ga shi ba shinge a iyakokinsu, Poli kuma tsakiyarsu take. Ku biya ofishin gandun daji ku ji ranar buɗe farauta da inda aka yarda, ku kuma gaida jauron garin da za ku shiga dajinsa.

Duk wannan na tafiyar ƙafa ne a dajin rani irin namu. Kurmin kudu da damina lissafinsu daban, can hana ruwa shiga ne kan gaba. Kuma ni daga nan ban ga bayanka ba, jakar da ta zauna wa wani tana iya cin ka. In kana da tsohon ciwon baya, rage kayan ƙasa da abin da na lissafa ka kuma ji ta bakin likita. Don haka ka yi sharaɗi da mai gwanjo cewa in ba ta yi ba za ka canza cikin kwana biyu. Washegari da asuba zuba mata cikakken kaya ka nufi dutsen Tingilin da ke kusa da Garwa, ka hau ka sauko. In kafaɗa ce ta yi zafi, ɗamarar ba ta kama ba ko bayan jakar ya yi maka gajarta, sai ka ɗaga maratayi mataki ɗaya ka sake gwadawa. In fatar ƙugu ce ta goge, duba ko bel ɗin wandonka ne ke ƙarƙashin soso, ka koma wando mai zariya. In hannu ne ke yin sanyi yana mutuwa ko bayan ka sassauta maratayi, mayar masa da ita ka ɗauki wata.